Amsa ga mai tambaya kan tsutsar da ke naɗe ganyen riɗi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa daga Darazo, ka ce tsutsa ta naɗe kan riɗinka bara, ka yi feshi bai yi amfani ba, kana neman hanyar da ba sai da maganin kanti ba. Na daɗe ina noman riɗi a yankin Alkaleri, kuma a ganina ana gama yaƙi da wannan tsutsa ne tun kafin ta shiga kwanso.

Asalinta ƙwai ne da wani ƙaramin malam-buɗe-littafi yake sakawa a ganye da dare. Idan ta ƙyanƙyashe sai ta haɗa ganyen toho da zare kamar saƙar gizo, ta zauna a ciki tana ci, daga baya ta koma kan fure, sannan ta huda kwanso. Da zarar ta kai nan, magani ba ya isa gare ta, shi ya sa feshinka ya tafi a banza. Saboda haka daga mako na 2 bayan tsiro ka riƙa zagaya gonar da sassafe, duk kan da ka gani a dunƙule ka buɗe shi, za ka tarar da koriyar tsutsa mai ɗigon baƙi da kashinta a gefe. Ka tsinke shi ka fitar daga gona ka ƙone. Aiki ne mai cin rai, amma shi ya fi komai yi mini amfani, musamman idan ruwa ya ɗauke na wasu kwanaki, domin a lokacin take yawaita.

Sai lokacin shuka. Ka shuka tare da maƙwabtanka idan damina ta kankama, domin gonar da ta makara ita ce ƙwarin sauran gonaki suke taruwa a kanta. Ka yi layi, tazarar kamar santimita 60, ka yi cira a mako na 3 don iska ta ratsa, kada ka jinkirta noman firi. Karkashin da ke fitowa a gefen gona dangin riɗi ne, tsutsar tana iya fakewa a jikinsa, don haka ina cire nawa ko da mutanen gida suna son miyarsa. Kada kuma ka maimaita riɗi a wuri ɗaya, ka sa gero ko dawa a shekara mai zuwa.

Bayan yanka ma akwai saura. Akwai wani ƙwaro dabam da ke tsotse man ƙwayar riɗi, yana taruwa ne a ƙarƙashin dammunan da aka tsayar, sai ka kakkaɓe ka ga riɗi ya motse yana ɗaci. Ka tsayar da su a kan tamfol a wuri mai tsabta, ka kakkaɓe da zarar kwanso ya buɗe, sannan ka tattara karan ka kawar. Kada ka fesa wa damin magani, domin yawancin riɗinmu waje ake kai shi, irin su Japan da Turkiyya, kuma ana gwada ragowar guba a jikinsa.

Allah Ya ba da damina mai albarka.