Kada ki yaye shi bana

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce tiyar hatsi ta yi tsada, surukarki kuma ta ce a cire yaron daga nono yanzu da ya cika shekara ɗaya, a kai shi ƙauye wurinta, wai haka al'ada take.

Kai yaro gidan kaka yaye al'adarmu ce, ba na musu. Sai dai iyayenmu ba sa yi sai ya doshi shekara biyu, yana gudu da ƙafarsa, yana cin tuwo da hannunsa. Alƙur'ani ma shekara biyu cikakku ya ambata cikin Suratul Baƙara. Kuma kakar da ake kai wa tana da rumbun tsimi da akuya mai nono. Yau me ke cikin rumbun surukarki?

Na ga yunwar 1984, wadda muka sa wa suna El Buhari, da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya da Janar Buhari ya yi, cinikin hanyar Katsina ya mutu. Na ga 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, magani ya gagari talaka. A 2005 kuwa hatsi na jibge a kasuwar Maradi, kuɗin saye ne babu. Mutanen karkara na cin anza, uwaye na layi wurin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da yara masu tamowa.

Yaran da suka tsira a 2005, yau samari ne da 'yan mata, kuma yunwar ba ta sake su ba. Likitoci sun ce daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu ne ƙwaƙwalwa da ƙashi suka fi ginuwa, abin da aka rasa a nan da wuya ya dawo. Yaro ya tsumbure, karatu ya yi masa nauyi, can gaba ga barazanar hawan jini da ciwon suga. Ɗiya mace ta fi ba ni tausayi: ta tashi gajera, ƙugu bai buɗe ba, ranar haihuwa naƙuda ta yi mata gardama.

Don haka ci gaba da ba shi nono, ke ma ki ci ki ƙoshi, ba sai maza sun rage ba. Ki daka ƙuli-ƙuli ko wake cikin kununsa, ki sa zogale. Ki ba shi ƙwai, zancen wai zai zama ɓarawo ba shi da tushe. In kin ga damtsensa ya rame ko ƙafa ta kumbura, a kai shi asibiti ranar nan a auna.

Kada ki ja da surukarki da bakinki. Turo min mijinki bayan sallar Juma'a, ni zan je in same ta.