Madubin bindigar da aka kawo daga Faro

Ka ce, "Maigida, an rubuta Hensoldt Wetzlar da 4x81 a jikin madubin saitin bindigar nan, maɓallin juyi ɗaya ne kawai, anya bai ɓata ba?" Lafiyarsa lau, yaro. Ajiye sukundireban nan tukuna ka zo ka gani.

Wetzlar gari ne a Jamus, can aka ƙera shi. Irinsu Turawa mafarauta ne suka riƙa shigowa da su yankunan farauta na Binuwai da Faro da Buba Njida a arewacin Kamaru, wasu su bar wa masu bin sawu, shi ya sa har yau suke ɓullowa nan Garwa. Lamba 4 na nufin yana kusanto da abu sau huɗu. Amma 81 ɗin ba faɗin gilashi ba ne, duk da cewa a na zamani mai 4x32, 32 ɗin milimita ne na gilashin gaba. A zamanin da, Jamusawa ƙarfin haske suke rubutawa. Riƙe shi nesa da idonka, ka ga ɗigon hasken nan a gilashin baya? Faɗinsa milimita 9, tara sau tara 81.

Maɓalli ɗaya kuwa haka aka yi shi. Sama da ƙasa kaɗai yake gyarawa, dama da hagu a ƙafar da ke riƙe shi kan bindiga ake yi. Kuma in ka juya, sandunan saitin, wato layukan da kake gani in ka leƙa, su ne da kansu ke tafiya cikin gilashin. Don haka in ƙafa ta karkace, za ka ƙare da tsinin saiti can sama ko can ƙasa, ba a tsakiya ba. Gyara ƙafar, kada ka matsa wa maɓallin.

Yanzu auna bututun, nan ne ake ɓarna. Na Jamus na ƙarfe yawanci milimita 26 ne, na Amurka irin Weaver K4 inci ɗaya, wato 25.4. A ido ɗaya suke. Ka sa wannan cikin zoben ƙafa mai inci ɗaya ka ɗaure, ka lotsa bututun, kuma abin da ya lotse nan ba mai miƙe shi. In ba zobe daidai, gara a gaya wa mai kaya ya jira.

Ɗaga shi sama ka leƙa ta gaba. Launin rawaya a gefen gilashi, ƙaron da ya haɗa gilasai biyu ne ya saki, zafin Garwa ba ya raga masa. Farin zare-zare kuma danshin damina ne ya haifar, domin ba a toshe su da iskar gas kamar na yanzu ba. Ƙurar hunturu a hure ta da fari, kada ka goge da bakin riga, yashi ne, zai karce.

In mai shi ya zo da takardar izininsa, sai mu ɗora. A tabbatar ba harsashi, a zare sakata, a kafa bindiga kan buhun yashi, ka leƙa ta cikin bututunta zuwa alama a mita 25, sannan ka kawo tsinin kan alamar. Gwajin mita 100 sai a fili. Ka bar masa tazarar yatsu huɗu tsakanin ido da gilashi, in ba haka ba bindiga na tokari ta fasa masa gira. Je ka ɗauko ma'aunin a aljihun tebur.