Tambayi Likita: Ƙafafun Yara Da Masu Ɗori

Tambaya: Salam likita, yarona shekara 3 ƙafarsa ta yi baka sosai, wai rashin shan rana ne? Yaron da kullum a waje yake wuni.

Amsa: Wa alaikis salam Hajiya. Mu ma haka aka koya mana daga littattafan Turawa, cewa rashin bitamin D ne, wanda jiki ke samu daga hasken rana, to amma a Jos ina aka rasa rana? Wannan ya sa likitoci a asibitin koyarwa na Jos, Dr Thacher da abokan aikinsa na Amurka da Afirka ta Kudu, suka gwada magani kan yara 123 masu irin wannan matsala, sakamakon ya fito a 1999, kuma waɗanda aka ba kalsiyam, sinadarin gina ƙashi da ake samu a nono, sun fi na bitamin D zalla warkewa. Tuwon masara da koko kullum babu nono, ƙashi bai samu abin ginuwa ba. Ɗan baka kafin shekara 2 yakan miƙe da kansa, amma naki ya wuce nan, ki kai shi a ɗau hoto, ki dage da kindirmo da ƙananan kifin da ake ci da ƙashi.

Tambaya: An haifa min jaririya ƙafarta a murɗe ta kalli ciki, sai an yi tiyata?

Amsa: Yawanci a'a Malam. Akwai hanyar Ponseti, wani likita ɗan Sifen da ya yi aiki a Iowa. Duk sati ana ɗan juya ƙafar a sa siminti, kamar sau 5 zuwa 8, a ɗan yanka agara, sannan takalmi mai ƙarfe a tsakani, wata 3 dare da rana, daga nan sai lokacin barci har shekara 4. Ka ga takalmin mai araha ma a Yuganda aka ƙirƙiro shi. Inda iyaye ke faɗuwa wurin takalmin ne, yarinya ta yi kuka a cire, ƙafa ta koma gidan jiya. Ku je asibitin ƙashi na Dala tun tana jaririya.

Tambaya: Mai ɗori ya ɗaure hannun ƙanina, yatsun sun kumbura sun yi sanyi.

Amsa: Ku kwance yanzu yanzu ku tafi asibiti, jini ne ba ya wucewa, wallahi a haka ake rasa hannu.