Me ya sa regex ɗina (tsarin binciken rubutu) yake ba ni na ƙarshe kawai?

Tambaya: Ina da layi irin wannan: `girma=12 launi=ja launi=kore`. Ina so in ciro kowane mabuɗi da ƙimarsa a Python, sai na rubuta `(?:(\w+)=(\w+)\s*)+` na ba `re.match`. Abin da yake dawo mini da shi `launi` da `kore` ne kawai. Ina sauran suka shiga?

Amsa: Ɗan'uwa, tsarinka ya karanta layin gaba ɗaya, matsalar tana wajen ajiya. Kowace baka biyu da ka buɗe don kamawa gurbi ɗaya tak take da shi. Alamar `+` da ka sa a waje tana sa injin ya zagaya sau uku, kuma kowane zagaye yana goge abin da na baya ya ajiye. Aka ajiye `girma`, aka goge, aka ajiye `launi` da `ja`, aka goge, na ƙarshe ya tsira. Haka `re`, kunshin regex na Python, yake, haka ma JavaScript. A .NET akwai `Captures` mai riƙe duk zagayen, kuma kunshin `regex` da ake saukewa daban a Python yana da `captures()`. Amma ba sai ka je can ba.

Ka cire maimaicin daga cikin tsarin, ka rubuta na mabuɗi ɗaya da ƙimarsa, ka bar Python ya yi zagayen:

`re.findall(r'(\w+)=("[^"]*"|\S+)', layi)`

Zai ba ka jerin mabuɗi da ƙima bibbiyu. Na ƙara `"[^"]*"` ne saboda ba da jimawa ba za ka haɗu da irin `bayani="sabon shiga"`, inda ƙimar take ɗauke da sarari. Ka lura da jeri: injin yana gwada zaɓin hagu kafin na dama, in ka sa `\S+` a gaba zai yanke a `"sabon` ya tsaya. Alamun zancen za su biyo ƙimar, sai ka cire su da `strip('"')`. Kada ka yarda da `.*` a nan, haɗamammiya ce, za ta haɗiye layin har ƙarshe.

Tarko na biyu yana cikin misalinka. `launi` ya zo sau biyu, in ka zuba sakamakon cikin `dict()` kai tsaye, `kore` zai danne `ja` ba tare da ko gargaɗi ba. Yi amfani da `defaultdict(list)`, kowane mabuɗi ya tara ƙimominsa.

Abin da ya fi damuna da `findall` shi ne shirunsa. Ba shi `girma=12 ??? launi=ja`, zai tsallake shirmen tsakiya ya ba ka biyu lafiya lau. In bayanan na lissafi ne ko saitin manhaja, wannan shirun haɗari ne. Ka fara tantance layin duka da `re.fullmatch` (a nan tsarinka na farko mai `+` yake da amfani, in ka ƙara masa zaɓin alamun zancen), in ya wuce sannan ka ciro.

In ka koma JavaScript, `matchAll` da alamar `g` ke yin wannan aikin, sai dai `\w` (mai kama haruffa da lambobi) na can bai san ƙ, ɗ da ɓ ba, alhali na Python 3 ya san su.

Kafin duk wannan, duba asalin rubutun. In wutsiyar adireshin intanet ce, `urllib.parse.parse_qs` ya riga ya iya maimaitattun mabuɗai. In JSON ne, `json.loads` za ka kira, domin ƙima tana iya ƙunsar wasu mabuɗan a cikinta, kuma `re` ba ya iya bin baka a cikin baka.