Ga amsarka, ƙanena: dajin ƙanƙara ba hanyar Agadas ba ce

Ƙanena, saƙonka na murya ya iske ni wurin aiki, minti bakwai cur, kuma na saurare shi sau biyu. Kai ne na huɗu daga Tawa da ya yi mini wannan tambaya bana, shi ya sa zan amsa a fili kowa ya karanta, in huta da nanatawa. Ka ce wani ya shirya maka hanyar Amurka, daga can kuma za ka tako Kanada da ƙafa, kai kaɗai, da dare, cikin Janairu, wai lokacin ƴan sanda ba sa son fita, kuma ba za ka ba ɗan rakiya ko dala ba. Ka ƙara da cewa wanda ya hau bayan Hilux daga Agadas har Sabha ta Libiya ba ya tsoron daji. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta hana ni barci.

Abin da muke kira sanyi a Tawa na san shi. Da asuba a kewaye wuta a tasha, mai shayi ya yi ciniki, faso ya tsattsaga diddige, hantsi na yi kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Nan Winipeg, a jihar Manitoba, daren Janairu yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, in iska ta taso jiki ya ji kamar 40. Firigon da mai sayar da ƙanƙara yake daskarar da ruwa a kasuwarmu 18 ne ƙasa da sifiri. Ka lissafa da kanka. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi da iska suka kai 40, fatar da ke buɗe tana daskarewa cikin minti 5 zuwa 10. Cikin Disamba rana ba ta wuce awa takwas da ƴan mintoci, ƙarfe huɗu da rabi an yi magariba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba, ko Inna. Yatsun ƙafata takwas ne.

Hunturuna na biyu ne, ina aikin kai kaya gonaki da ƙaramar mota. Wajen ƙarfe bakwai na dare motar ta zame ta faɗa kwalbati a wata hanyar ƙauye. Duk wanda ya girma a nan ya san doka: ka zauna cikin mota, ka share ƙanƙarar da ta toshe bututun hayaƙi, ka riƙa tada inji minti goma kowace awa, ka jira. Ni ba wanda ya gaya mini. Na hango fitilar wani gidan gona, na ce ai ga ta nan, kamar daga gidanmu zuwa babbar kasuwa. Ƙasar nan shimfiɗe take kamar faifai, fitila tana yaudara yadda dutsen Ayar yake yi wa matafiyi, ka yini kana nufarsa bai matso ba. Na yanke ta cikin gona. Ƙanƙara ta kai mini gwiwa, wani wurin cinya. Tafiyar da za ka yi cikin minti goma a tudu, a nan sai ta ci rabin awa, kuma kana gumi. Gumin nan shi ne makashi. Singiletin auduga na sa a ciki, irin namu, ta sha gumi ta manne a jiki ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ulu ake sawa, ko jiƙe yake yana riƙe ɗumi.

Na zaro waya in kira, batir ya fi rabi lokacin da na bar mota. Ta yi ɗif. Sanyi yana kashe batir, kuma ciro ta da na yi ya sa na cire safar hannu. Da na zo mayarwa yatsu sun ƙi. Ka gane abin da nake nufi? Kana kallon hannunka, kana ba shi umarni, ba ya ji. Ba ka iya jan zif, ba ka iya ƙyasta ashana, ba ka iya ɗaure takalmi. Duk dabarar da ka zo da ita a aljihu, in hannu ya mutu, ta mutu.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro har yau shi ne daɗin da na ji daga baya. Zafin jikin mutum 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 ka shiga haɗari: makyarkyata, harshe ya yi nauyi, ƙafa ta riƙa harɗewa. In ya ƙara sauka sai makyarkyatar ta tsaya, hankali ya gushe ba ka sani ba. Ni na ji wani ɗumi ya lulluɓe ni, na ce bari in ɗan zauna in huta. Wallahi ban ji tsoro ba ko kaɗan, barci kawai nake ji, mai daɗi. Likita ta gaya mini akan tsinci gawar wasu sun tuɓe tufafi da hannunsu, don a ƙarshe jiki yana yi musu ƙaryar zafi. Ƙishirwar sahara tana yi maka ihu har ka nemi mafita. Sanyi lallashinka yake yi. Shi ya sa kaɗaici a nan ya fi komai muni: wanda zai ga kana surutai marasa kan gado, ya ga hancinka ya yi fari fat kamar kakin zuma, ya mare ka ya tashe ka, dole wani ne daban. Kai ba za ka gani ba.

Karen gidan ne ya yi ta haushi har maigidan ya fito da tocila. A asibiti suka tsoma ƙafar cikin ruwa mai ɗumi, na yi kuka kamar yaron da aka yi wa kaciya, don dawowar jini ta fi daskarewar zafi. Kuma ka riƙe wannan: ba a murza wurin da ya daskare, ba a gasa shi a wuta, ba a narkar da shi in zai sake daskarewa. Bayan makonni yatsu biyu suka yi baƙi, aka yanke. Mai aikin da nake yi wa bauta, da ya kira, motarsa ya fara tambaya, kuma ya zabge mini kuɗin ranar. A satin nan saƙo uku suka zo daga gida, duk na neman kuɗi. Ban riƙe kowa ba, ba ku sani ba. Amma kullum in ina alwala, na zo tsefe yatsun ƙafar hagu, sai na tuna.

Ni ke nan da ban yi kilomita biyu daga mota ba, da takardu a aljihu. Kai kuma iyakar ƙasa kake so ka ƙetara. Wurin da ake kwatanta maka, kusa da Emerson, wani gari a bakin iyakar Kanada da Amurka, daga nan tafiyar awa ɗaya da ɗan kai ce a mota. Ranar 24 ga Disamba 2016 wasu ƴan Gana biyu suka bi ta nan da ƙafa. Sun yi sa'o'i cikin ƙanƙara, sai wani direban babbar mota ya tsaya musu a bakin titi. Sun rayu, amma an yanke musu yatsun hannu, kuma su biyu ne suna ƙarfafa juna. A Janairun 2022 aka tsinci gawar iyali guda daga Gujarat ta Indiya, miji da mata da yarinya mai shekara 11 da yaro mai shekara 3, mita kaɗan daga iyakar Amurka. A Janairun 2023 an samu gawar wani ɗan Haiti a dajin Kebek, shi kaɗai yake tafe. Sannan wanda ya tsara maka hanyar nan bai gaya maka ba, tun Maris 2023 yarjejeniyar Kanada da Amurka kan masu neman mafaka ta shafi iyakar baki ɗaya, an rufe hanyar Roxham da masu neman mafaka ke bi da ƙafa su shiga Kebek, wanda aka kama ya ƙetaro mayar da shi ake yi sai in yana da ɗan'uwa na kusa a nan ko wani uzuri da doka ta amince da shi. Ɗan goggo ba ya cikin lissafinsu, kada ka dogara da ni.

Kuma zancen Sabha da kake taƙama da shi, kai ka tuƙa motar? Ku nawa ne a bayanta? Buzayen da ke kai ayari Bilma ɗauko gishiri tun kaka da kakanni sun fi ni da kai sanin Tenere, amma ba wanda ke kama hanya ba madugu. Ka tuna 2013, mutum 92 da ƙishirwa ta kashe bayan Arlit, yawancinsu mata da yaran Kance. Mu da muka san haka, a ce mu ne za mu shiga dajin da ba mu san ko sunan itatuwansa ba, fari fat, ba sawu, tafki da gona duk kama ɗaya. Ƙanƙarar tafki sai ta kai kauri santimita 15 take ɗaukar mutum, kuma dusar ƙanƙara ta rufe ta, da me za ka auna cikin duhu?

Ni shekara goma sha ɗaya na yi kafin in tsaya da ƙafafuna, ko da yake sun ragu. Na wanke kwanuka, na yi gadi, na koma lakwal da furfura ta fara fito mini, ginin da ka gani a unguwarmu kuma da gumina na yi shi, ba wanda ya ba ni bulo ɗaya. Kana da digirinka na jami'ar Tawa. A nan akwai jami'ar Saint-Boniface, da Faransanci ake karatu, ƴan Afirka ta Yamma suna da yawa a cikinta. Ana hana biza, ana jira har rai ya ɓaci, kuɗin ma ba kaɗan ba ne, ban ce maka da sauƙi ba. Ka ɗauki hoton takardun sakamakonka da fasfo ka turo mini kafin Juma'a in duba. Kuɗin neman gurbi ni zan biya, na hanyar mutumin can kuwa ko dala ba zan sa ba. Zancen yatsu kuma, tunda na riga na rubuta, ka riga kowa zuwa wurin Inna ka gaya mata a hankali, ka ce ina tafiya lafiya lau.