Tambarin shagona ya fito dishi-dishi a allo, wane fayil zan nema?

Tambaya: Na biya mai zane ya yi mini tambarin shagon ɗinki, ya turo ta WhatsApp. A waya tsaf yake, amma da aka buga shi a allo mai faɗin mita 2 sai ya yi dishi-dishi, gefen haruffan kamar haƙoran zarto. Me ya kamata in karɓa a hannunsa?

Amsa: Hajiya, injin bugawa bai yi laifi ba. Abin da ke hannunki JPEG ne, hoton da aka jera da ƙananan ɗigo da ake kira fiksel, kuma adadinsu ƙayyadadde ne. A ce faɗinsa fiksel 1000 ne: a katin shago mai santimita 8 zai fito tas, amma in aka ja shi zuwa mita 2, kowane ɗigo ya koma milimita 2, ido na ganinsa ƙuru-ƙuru. Ga WhatsApp kuma yana matse duk abin da aka tura a matsayin hoto.

Ki koma ki nemi ainihin zanen, wato fayil ɗin bekta: CDR in da manhajar zane ta CorelDRAW ya yi, wanda shi yawancin masu ɗab'inmu ke riƙe da shi, ko AI in Illustrator ne, haɗe da PDF da SVG. Wannan da layuka da lissafi aka gina shi, ko girman bango aka ja shi ba ya fashewa. Amma a kula, wasu kan cusa JPEG cikin PDF su ce ga shi nan. Ki buɗe ki yi ta zuƙowa. In gefen ya fara tsattsagewa, hoto ne aka sauya wa riga.

Ki ce ya mayar da rubutun zane kafin ya turo, a CorelDRAW danna Ctrl+Q ne kawai. In ba haka ba, kwamfutar da ba ta da irin salon rubutun za ta sauya shi, ƙ da ɗ da ɓ kuwa sukan koma akwati.

Na Facebook da sa alama a kan hotunan kaya, PNG mara bango za ki karɓa, domin JPEG kullum da fili yake zuwa a bayansa, galibi fari. Na ɗab'i kuma a saita launin a CMYK, wato tsarin launin injin bugawa, don koren da ke sheƙi a waya yakan dusashe a takarda. Duka ya turo su a matsayin fayil (Document a WhatsApp), ba hoto ba.