Tambayi Likita: Piriton, borin jini da maganin sa yaro barci

Assalamu alaikum jama'a. Hunturu ya kankama a Sakkwato, ƙura ta cika gari, kowa na atishawa, shi ya sa saƙonnin wannan makon kusan duk a kan maganin alaji suka zo.

Wani ɗan kabu-kabu daga Runjin Sambo: Likita in na sha Piriton saboda atishawa barci ka ɗaukata bisa babur, mi zan yi?

Malam ka daina shan shi da rana, ran mutum kake ɗauka a bayanka. Ka nemi loratadine 10mg, ƙwaya ɗaya a rana ta isa, bai cika sa barci ba. Cetirizine ma yana yi amma yakan kashe wa wasu jiki, in shi ka samu fara gwada shi da dare. Kuma ka riƙa rufe hanci da takunkumi, ƙurar ce tushen abin.

Wata mai ciki wata biyar ta ce jikinta na ƙaiƙayi, ko ta sha Piriton?

Ana ba masu ciki, amma ki bari a rubuta miki a wajen awo. In ƙaiƙayin ya fi tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa musamman da dare, kada ki tsaya shan komi, ki je asibiti a duba hanta.

Wata uwa daga Mabera: Ɗana wata 8 ba ya barin mu barci da dare, maƙwabciyata ta ce in riƙa ba shi Phenergan ko Piriton na ruwa cokali guda, ta ce duk haka ta yi wa nata kuma ga su nan lafiya lau.

'Yar'uwa don Allah kada ki ba shi. Wallahi wannan tambayar ce ta fi tayar min da hankali, don abin ya zama ruwan dare a gidaje, wasu ma in za su biki ko suna sai a ɗura wa yaro a goya shi don kada ya dami mutane. Na san gajiya ce, ga aikin gida ga rashin barci, ban ga laifinki da kika tambaya ba.

Bari in yi miki bayani. Piriton (chlorpheniramine) da Phenergan (promethazine) an yi su ne don toshe wani sinadari da jiki ke fitarwa lokacin alaji, sunansa histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da yoyon hanci. To su waɗannan tsofaffin magungunan suna ratsawa har ƙwaƙwalwa, barcin da kike gani illar maganin ce. A jikin jariri kuwa wurin da ke sarrafa numfashi bai yi ƙwari ba, maganin na iya rage numfashin har ya tsaya cikin barci ke kina murna yaro ya samu hutu. Shi ya sa aka hana ba yaro ƙasa da shekara 2 promethazine gaba ɗaya, Piriton na ruwa kuma ba a ba wanda bai cika shekara 1 ba. Wani yaron ma juyewa abin ke yi, ya fita hayyacinsa, zuciya na bugawa da sauri, jiki ya ɗau zafi, har jijjiga.

Na taɓa karɓar wani yaro da asuba, kakarsa ta rungumo shi cikin zane, wuyansa ya saki, ana ɗaga hannunsa yana faɗuwa kamar tsumma. Sai da muka matsa da tambaya uwar ta ciro kwalbar daga jaka, ta ce cokali biyu kawai ta ba shi, da muka ce wane cokali sai ta ce na cin abinci. Allah ya sa da sauran kwana. 'Ya'yan maƙwabciyarki Allah ne ya tsare su.

Kuma yaron da ke kuka kullum da dare akwai abin da yake gaya miki: yunwa, ciwon kunne, haƙori, zazzaɓi, ko sauro da sanyi. In kin sa shi barci da magani kin rufe bakin mai kawo ƙara. Ki kai shi a duba, ga asibitin mata da yara na Maryam Abacha nan cikin gari, ko asibitin da ya fi kusa da ke. Wadda kuma ta riga ta ba ɗanta ta ga ya ƙi farkawa ko numfashinsa ya canza, ta ɗauke shi tare da kwalbar ta tafi asibiti nan take, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, shaƙewa zai yi.

Wani ɗalibi: In na ci gyaɗa borin jini ke fito min, jiya har leɓena ya kumbura muryata ta dishe, na sha cetirizine ya sauka.

Ka tsallake rijiya da baya. Borin jini a fata kaɗai cetirizine na maganinsa, amma kumburin leɓe ko harshe, dishewar murya, numfashi da ƙyar ko jiri, wannan allurar adirenalin yake buƙata kuma mintoci ake lissafawa. In ya sake faruwa a wuce da kai sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko asibitin ƙwararru (Specialist) kai tsaye. Ka bar gyaɗa, har ƙuli-ƙuli da yajin tsire da kunun gyaɗa, kuma ka zo a gan ka tun kafin ya maimaita.

Wata amarya na tambaya a kan sha ka fashe, wai tana so ta ciko kafin biki.

Haba ƙanwata! Yawanci cyproheptadine ne, maganin alaji mai buɗe ciki, wasu kuma har da dexamethasone suke haɗawa, shi ke kumbura fuska ya jawo hawan jini da ciwon suga. In kina ramewa ba dalili ki zo a bincika. In kin daɗe kina shan mai dexa kada ki yanke shi rana ɗaya, likita ne zai rage miki a hankali.

Na ƙarshe, wani ya ce mahaifinsa mai shekara 70 ya sha Piriton kwana biyu, yanzu fitsari ya ƙi fita.

Ku dakatar da maganin ku kai Baba asibiti yau ɗin nan, kada a jira gobe. Piriton na riƙe fitsari ga dattawa masu kumburin furostat (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), yana ruɗa su har su faɗi, kuma bai dace da mai hawan jinin ido ba. In za ku tafi ku kwashi duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya, likita ya gani.